Injinan Da Muka Bari Cikin Leda

Sabon Gari, Maraɗi.

Zuwa ga ɗiyata Ramatu, mai sunan mahaifiyata, wadda nake kira Uwata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ko cikin mota kika buɗe ta ko sai kin sauka Yamai. Allah ya tsare ki a kan hanya, ya raba ki da gaggawar direba da mugun ji da mugun gani, ya sauke ki lafiya.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya ina rubuta miki takarda. Kin san halina. In na zauna zan yi miki magana mai nauyi, sai in ji bakina yana tambayarki ko kin ɗauki maganin sauro. Tun ranar da kika shigo da murna kika ce an kira ki cikin masu sake tsarin makarantun koyon sana'a na ƙasa, don diplom ɗin yaranmu ya yi daidai da na sauran duniya, gidan nan bai rabu da masu barka ba. Ni ma na yi murna, Allah ya sani. Amma innarki ta lura tuwo ba ya shiga mini, ta tambaya, na ce zafi ne. Ba zafi ba ne, Uwata, tsoro ne. Na taɓa ganin irin wannan gyara ya zo garin nan, kuma da hannuna a cikin lalacewarsa. Kin san gutsattsarin labarin, don ban taɓa ɓoye shi ba, sai dai ban taɓa jera miki shi daga tushe ba. Yanzu da za ki zauna inda ake yanke wa ƴaƴan mutane abin da za su koya, ya kamata ki ji shi a jere.

Kina ƙarama lokacin, ina koyar da aikin wutar lantarki a santar koyon sana'a. Kayan aikinmu tsofaffi ne, wayoyin da muka kwance muka ɗaura har robarsu ta gaji. Wata shekara aka ce gyara ya zo. Wani poroje, irin shirin tallafin nan na ƙasashen waje, ya aiko da sabon tsarin karatu cikin littafi mai kauri na Faransanci, da injina sababbi fil cikin leda: injinan ban ruwa, da akwatunan sarrafa wuta irin waɗanda ake kafawa a gindin manyan pampuna. Aka ce daga yanzu duk yaron da ya fita daga hannunmu zai iya aiki a kowace ƙasa. Ranar da aka sauke kayan na yi ta shafa ledar kamar wanda aka yi wa haihuwa.

Washegari diraktanmu ya kira ni ofis, ya miƙo mini makullin ɗakin da aka ajiye kayan.

Ya ce, “Mushe Isuhu, ɗakin nan a hannunka yake. Waɗanda suka ba mu kayan za su zo dubawa. In suka tarar ko ƙusa ta ɓata, ni da kai za mu amsa. Kada yaro ya taɓa komai sai sun zo sun tafi.”

Na ce to. Kuma gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, raina ya yi sanyi da jin haka. An aiko mana da littafi da injina, amma ba wanda ya zo ya koya mana mu malamai. Ni kaina ban taɓa sa hannu cikin irin wannan akwati ba. Ina tsoron in buɗe shi gaban yara in rasa ta inda zan fara, su gane Mushe, malamin nasu, bai sani ba. Umurnin dirakta ya rufa mini asiri.

Baƙin ba su zo da wuri ba. Damina ta wuce, aka yi girbi, sanyi ya shigo ya fita. Ni kuwa na koma zanen akwatin a allo. Na iya zane, kin sani. Jar waya da jan alli, shuɗiya da shuɗi, yara suna kwafa. Ƙa'idojin kare kai daga wuta kuma da Faransanci nake karanta musu, yadda littafin ya zo, don ina jin kunyar juya su da Hausa kada a ce ajina bai kai na duniya ba. In na ce, “Kun gane?” sai su amsa baki ɗaya. Bango ɗaya ne tsakaninsu da abin da nake zana musu.

Saboda haka, Uwata, ranar da za ku rubuta cewa kowace makaranta sai ta mallaki kaza da kaza, ki ɗaga hannu ki tambaya wa zai riƙe makullin, kuma me yake tsoro. Ki sa a rubuta ɓaro-ɓaro cewa kayan koyo na lalacewa ne, kuma malamin da injinsa ya tsufa a hannun yara shi ya cancanci yabo. Kafin mota ta kai injin makaranta, a riga an ɗauki malamin an koya masa shi a inda ɗalibansa ba sa gani. Mu ma mutane ne, muna jin kunya, kuma kunyar malami ɗalibi ne ke biyan ta.

Akwai wanda bai yarda da wannan kulle ba, Mushe Bulus, mai koyar da kanikanci, Kirista mutumin Tsibiri. Za ki tuna shi, shi ne mai zuwa gidanmu da rake ɗaure a bayan babur, ku yi ta rububi. Ba ni da aminin da ya kai shi a wurin aiki. Kullum muka haɗu a gindin dogon yaro lokacin hutu sai ya tayar da maganar.

Ya ce, “Isuhu, buɗe ɗakin nan. In ba ka san akwatin ba, mu shiga mu biyu ranar da ba aji, mu kwance shi mu gani. Mutum ne ya ƙera shi.”

Na ce, “In wani abu ya ƙone fa?”

Ya ce, “Ya ƙone. Gara ya ƙone nan muna tsaye.”

Na ce masa ya yi haƙuri baƙi su zo su tafi tukuna.

Ranar da suka zo, tun da safe aka share harabar, aka yayyafa ruwa, muka yaye ledar. Aka raba wa yara sababbin rigunan aiki, aka tsayar da su kusa da injina, aka ja musu kunne kada su taɓa. Cikin baƙin akwai wata mace mai furfura, mai yawan tambaya. Ta ce yaya yara suke jin daɗin aiki da kayan? Dirakta ya ce ai ba a magana, kullum suna kai. Sai Bulus daga baya ya ce, cikin ladabi, bai ko ɗaga murya ba, “Madam, yau suka fara ganin su.”

Matar ta juyo ta dube ni, don ni ne malamin ajin. Har yau ina iya ganin idonta. Da na ce “gaskiya ne,” da magana ta ƙare a nan. Na tuna da ku, na tuna da kuɗin hayar gidan da muke ciki. Na ce, “Muna kan shiri, Madam, komai yana tafiya daidai.” Ta rubuta wani abu, suka wuce cin abinci.

Kafin shekarar karatu ta ƙare aka ɗauke Bulus aka kai shi can gabas mai nisa, ya bar tsohuwarsa da gonarsa a Tsibiri. Ranar da ya zo sallama na kasa haɗa ido da shi. Bai ce mini komai a kan abin da na yi ba. Ya kama hannuna ya ce, “Ni ba kaina nake ji wa tsoro ba, Isuhu. Yaran nan za su fita.” Injinan kuwa aka mayar musu da ledarsu, don an ce akwai wata tawaga a tafe.

A nan ne zuciyata ta rabu biyu a kanki. A teburin da za ki zauna, wata rana wani zai faɗi gaskiyar da ba a son ji, idanu su juyo kanki. Kada ki bar shi shi kaɗai. Mutum ɗaya ana ɗauke shi kamar tsinke, biyu kuwa sai an yi shawara. Ina faɗa miki haka alhali na san abin da aka yi wa Bulus, kuma ke mace ce, baƙuwa, ba ki da kowa a can. Wallahi ban san wanne na fi tsoro ba, ki yi shiru irin nawa, ko ki yi magana a yi miki abin da aka yi masa. Abin da zan iya cewa, ki yi magana da ladabi, a gaban shaidu, ba a bayan ido ba. Kada ki kunyata babba in akwai hanyar da zai gyara bai faɗi ƙasa ba. Kuma kada ki sa hannu a kan rahoton makarantar da ƙafarki ba ta taka ba. In kin je, kada ki je ranar da aka yayyafa ruwa.

Cikin yaran wannan aji akwai Lawali, ɗan wani manomi a Jiratawa. Ban taɓa koyar da mai kaifin kansa ba. Abin da na zana sau ɗaya zai zana maka shi ido rufe, ƙa'idojin nan kuwa yana karanto su da Faransanci kamar ruwa. Jarrabawar ƙarshe a takarda aka yi ta, da ƴan tambayoyin baki, shi ya zo na farko. Ni na miƙa masa diplom ɗinsa, mai tambarin sabon tsari. Manoman garinsu suka ɗauke shi ya riƙa kula da pampunan da ke ba gonakinsu ruwa, suna alfahari ɗansu ne, ba sai an jira wani daga birni ba.

Cikin rani, lokacin da shuka ba ta haƙurin ƙishirwa, wani pampo ya tsaya. Manoma suka taru a kansa, kowa yana kallon tattasansa yana laushi. Lawali ya kashe wuta a inda littafi ya ce a kashe, ya buɗe akwatin. Bai ɗauki abin awo ya gwada ko wutar ta mutu da gaske ba. Ya san ana yi, ya rubuta shi a jarrabawa ya ci. Amma wannan abu hannu ne ke koyon sa, sai an yi shi an sake yi har hannu ya riga tunani, kuma hannunsa bai taɓa yi ba. Ƙasan ɗakin pampon kuwa da ruwa. Wuta ta kama shi ta yar.

Allah ya yi da sauran kwanansa, amma hannun dama bai tsira ba, sai da aka yanke shi. Da labari ya iso ni ina cikin aji, na bar alli a ƙasa na hau kabu-kabu. A ƙofar ɗakin da aka kwantar da shi na tarar da mahaifinsa zaune a tabarma. Na yi zaton zai shaƙe ni, da ya yi da na ji sauƙi. Sai dattijon ya miƙe ya karɓi hannuna da hannu biyu.

Ya ce, “Mushe, har ka wahalar da kanka? Mun gode. Abin da Allah ya rubuta ne.”

Na shiga. Lawali ya buɗe ido ya gan ni, ya yi ƙoƙarin tashi zaune don girmamawa, na danne kafaɗarsa. Sai ya ce a hankali, kamar mai ba da uzurin kuskure a aji, “Mushe, cikin akwatin bai yi kama da na allo ba. Ya fi cunkushewa.”

Da na koma santar ban nemi izinin kowa ba. Na buɗe ɗakin, na tara yaran da ke hannuna a lokacin, na ce musu da Hausa, “Wannan akwati ni ma ban san shi ba. Za mu koya tare.” Ba wanda ya yi dariya. Dirakta ya gan mu ta taga, ya wuce abinsa. Mun tarar ɓeraye sun ci wayoyin wasu akwatunan, robar wasu ta tsattsage don zafi. Abin da muka ɓoye don kada ya lalace ya lalace shi kaɗai a cikin duhu. Lawali yana nan Jiratawa, yana sayar da iri da taki, ya yi aure yana da iyali. In ya gan ni a kasuwa shi ke fara gaishe ni, da hagu, yana ba da haƙuri.

Don haka in kun zo kan maganar jarrabawa, ki tsaya da ƙafafunki biyu. Daidai da duniya ba shi ne takardarmu ta yi kama da tasu ba. Shi ne in an ce yaro ya iya, uwar wani a wata ƙasa ta iya barin ɗanta ya tsaya kusa da abin da ya gyara. Kada a ba kowa shaidar sana'a sai ya yi aikin da hannunsa a gaban mai dubawar da ba malaminsa ba. Maganar harshe kuma, ban ce a yar da Faransanci ba, ko wani harshen da ake rubuta takardun injina da shi. Dole su koya, in ba haka ba kullum sai an karanta musu. Amma duk abin da zai iya kashe yaro, a fara faɗa masa shi da harshen da zai yi ihu da shi in wuta ta kama shi.

Sauran kuskurena a kanki ne, kuma kin fi ni tuna shi. Bayan abin da ya sami Lawali na zama wani mutum. Ko rediyo ɗayanku ya je sawa a bango sai na daka masa tsawa. Da kika gama kwaleji kika ce lantarki za ki karanta, na ce ba da yawuna ba, na ce ba aikin mata ba ne. Ba haka ba ne a raina. Na sha koyar da maza waɗanda ba su kama ƙafarki ba. Abin da ke faruwa, duk na dubi hannunki kina cin abinci sai in ga na Lawali. Kika daina yi mini magana sai gaisuwa, kika rame. Innarki ce ta same ni a zaure bayan la'asar.

Ta ce, “Malam, ka kulle injina ka ga abin da ya biyo baya. Yanzu kuma ɗiyarka za ka sa a leda?”

Na ce, “Ina tsoron wuta ta ci ta.”

Ta ce, “To ka koya mata yadda ba za ta ci ta ba. Ba aikinka ke nan ba?”

Daga nan na janye, na bar ki kika karanta. Da na ci nasara a kanki a wannan shekara, da yau wani ne zai zauna a kujerar da aka kira ki. Ki tuna da wannan in kin ji masu cewa a tsaurara ƙofa, kada a ɗauki kowa sai mai takardar kwaleji, wai don darajar makaranta ta ɗaga. Nan Sabon Gari ki dubi masu walda da masu naɗin waya da masu gyaran firji, yawancinsu ba su gama firamare ba, kuma su ke riƙe da garin. A nemi hanyar da za a gwada abin da suka iya, a cika musu abin da suka rasa, musamman kare kai, a ba su shaida. Ƴan mata kuma, akwai uba irina a bayan kowace. Kada ku zage shi. Ku kira shi ya zo ya ga yadda ake koya mata, tsoronsa ya sami wurin zama.

Akwai wani tsoro kuma wanda ba ni da shawara a kansa, zan dai ajiye miki shi. In aikinku ya yi kyau, diplom ɗinmu ya karɓu ko'ina, su wa za su fara tafiya? Waɗanda suka fi iyawa. Ko yanzu in tsofaffin ɗalibaina suka kira ni, rabinsu daga wata ƙasa suke kira. Ba na zarginsu, kowa da bakin da yake ciyarwa. Amma in pampo ya tsaya a Jiratawa wa za a kira? Ina jin tsoron mu yi noma wani ya yi girbi. Na juya maganar nan a raina ban ga bakinta ba. Ku kuna da karatun da ba ni da shi, ku sa ta a kan tebur tun yanzu, kada ku bari sai makarantu sun zama tasha.

Ke kanki kuma, ki kula. Yamai tana da daɗin zama ga mai aikin ofis, taro yau a wannan otel, gobe a wancan, har mutum ya manta ƙamshin ƙarfen da ya yi zafi. Duk hutun da kika samu ki shiga aji, ki sa rigar aiki. Za ki ga masu yabonki da yawa tun ba ki yi komai ba, ki gaishe su ki wuce. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Ki riƙa cin abinci, na san ki in aiki ya kama ki. In aka matsa miki lambar da ta fi ƙarfinki, kada ki ɓoye mana don kada mu damu. Ƙofar gidan nan ba ta tambayar wanda ya dawo me ya sa ya dawo.

Gobe ba zan raka ki tasha ba. Innarki da kawunki Sani za su kai ki. Kada ki ɗauka fushi ne. Na san kaina, in na ga an ɗaure jakarki a motar nan zan iya cewa ki sauko, kuma ke mai biyayya ce, ina tsoron ki sauko.

Allah ya yi miki albarka, Uwata. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa, ya ba ki ƙarfin faɗin gaskiya, ya kare ki daga abin da ke biyo bayan faɗinta. Allah ya sa ƴaƴan mutane su koma gida da hannuwansu saboda abin da kika rubuta. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini.

In kun wuce Konni ki kira, in kun isa Doso ki sake kira. Ko ba ki da abin faɗa ki kira. In na ji ƙarar mota da muryarki a ciki, ya ishe ni.

Wassalam.

Mahaifinki,
Isuhu.